Me 1:87 ke nufi a jikin ƙaramin jirgin ƙasa?

Tun da aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, bidiyon jiragen ƙasa ya yawaita a wayoyinmu. A ciki akwai wani iri da ke ruɗa mutane: jirgi ya fito daga ƙarƙashin gada, ya ratsa gari, ya tsaya a tasha, sai can hannun mutum ya shigo ya ɗauke tarago guda da yatsu biyu. Ashe garin gaba ɗaya a kan tebur yake. A ƙasan irin wannan bidiyo, ko a jikin kwalin da ake sayar da jirgin a ciki, yawanci za ka ga an rubuta HO, ko 1:87. Wasu na ɗauka lambar kamfani ce, wasu su ce lambar jirgin ce. Ba ko ɗaya.

Ma'aunin ragewa ne. Duk wanda ya zauna a lakwal ya ga irinsa a gindin taswira, magina ma suna ganinsa a takardar zanen gida. Idan an ce 1:87, ana nufin santimita 1 a kan tebur yana tsaye ne a madadin santimita 87 na zahiri. Tsawo, faɗi da tsayi, kowanne sai an raba shi 87. Mutum mai tsayin mita 1 da santimita 75 zai koma santimita 2. Ƙofar ɗaki mai mita 2 za ta koma santimita 2 da 'yan kai. Kwantena mai ƙafa 40, irin wadda manyan motoci ke jigila da ita, za ta zama santimita 14. Jar akuyar Maraɗi kuwa, tsayinta daga kofato zuwa doro zai zama kusan milimita 7.

To me ya sa 87, ba 80 ko 100 ba, da lissafi ya fi sauƙi? Tarihi ne ya jawo. A shekarar 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya baje ƙananan jiragensa a kasuwar baje koli ta Leipzig tare da layuka masu tsayayyen faɗi, kowane da lambarsa. Daga baya aka fito da wanda ya fi su ƙanƙanta aka sa masa lamba 0, mutane suka riƙa kiransa da harafin O. A Ingila ma'aunin O ɗin shi ne 1:43.5. Da gidajen mutane suka yi wa jirgi mai wannan girman kaɗan, sai aka raba shi biyu, aka samu 1:87, aka kira shi HO, wato rabin O. A shekarun 1930 ya fara bazuwa, yau kuma shi ne ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya. Ka gwada lissafin da kanka: faɗin layin dogo na gama-gari milimita 1,435 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Raba shi 87, za ka samu 16.5. Faɗin layin HO ke nan daidai.

A nan ne mutane da yawa ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ma'auni daban, faɗin layi daban. Ma'auni yana gaya maka sau nawa aka rage komai. Faɗin layi kuwa tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu ce kawai, kuma ko a duniyar zahiri ba iri ɗaya ba ce. Layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aikinsa, mai faɗin 1,435 ne, don haka layin HO na kanti ya dace da shi ba gyara. Amma tsohon layin Najeriya da ya iso Kano a 1911, har ya miƙa reshe zuwa Ƙauran Namoda da Nguru, faɗinsa milimita 1,067 ne. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso kuma mita 1 ne cif. Idan ka raba waɗannan biyun 87, amsar tana kusa da milimita 12. Shi ya sa ake da wani layi mai suna HOm: mutane da gidaje da bishiyoyi duk suna nan a 1:87, layin ne kaɗai ya tsuke zuwa milimita 12. Mai son ya gina tsohuwar tashar Kano yadda take, wannan ne nasa.

Turawan Ingila sun bi wata hanya dabam. Jiragensu na gaske ƙanana ne, injinan lantarki na wancan zamani kuma ba sa shiga cikinsu idan an rage su 87. Sai suka ƙara girman jikin jirgin zuwa 1:76, suka bar layin a 16.5, suka kira shi OO. Har yau shi ne ya fi yawa a can. Wannan ya shafe mu, domin kayan da ke zuwa mana galibi na hannu ne, a gauraye. Taragon OO zai hau layin HO ya yi gudu lafiya lau, amma ka ajiye shi kusa da na HO, nan take ido zai ga ɗaya ya fi ɗaya ƙiba. A duba ƙarƙashin tarago ko jikin kwali kafin a biya kuɗi.

Akwai kuma ma'aunan da suka fi HO ƙanƙanta. Akwai N, mai 1:160 da layi milimita 9. Akwai Z, mai 1:220, wanda Märklin ya fito da shi a 1972, layinsa milimita 6.5. A ganina, ga wanda zai yi yawancin abubuwansa da hannu, HO ya fi. A N mutum santimita 1 ne da ɗan ɗori, sassaƙa shi da reza aiki ne na cin ido. A HO kuwa yatsa da tsinke suna iya aiki.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne: lambar nan ba ta jirgi kaɗai ba ce. Da zarar ka ɗora jirgin 1:87 a kan katako, duk abin da zai zauna kusa da shi ya shiga ƙarƙashin hukuncinta. Yaranmu da ke ƙera motar kara da ta gwangwani hannunsu ya riga ya iya, wasu har da ƙofa mai buɗewa da sitiyari mai juyawa. Bambancin aikinsu da wannan shi ne su da ido suke aunawa, taya ta yi girma ko direba ya fi ƙofa tsawo ba damuwa, a nan kuwa rula ce ke da magana ta ƙarshe.

Ɗauki ƙasa. Yashin Gulbin Maraɗi yana da kyau, launinsa shi ne launin garinmu, ba fentin da zai ba ka shi. Amma ƙwayar yashi mai milimita 1, idan ta hau tebur, ta zama dutse mai kusan santimita 9. Ka zuba shi haka nan a tsakar gida, ka cika gidan mutane da duwatsu ke nan. Sai an shanya, an tankaɗe da rariya mai laushi, an sake tankaɗewa da ƙyallen tatar koko. Garin da ya fita shi ne ƙasar tsakar gida da ta hanya. Tsakin da ya rage a rariya, wanda bai wuce rabin milimita ba, shi ne tsakuwar ƙarƙashin layi, domin ta gaske tana tsakanin santimita 3 zuwa 6. Ana baza shi a bushe, a daidaita da ɗan buroshi, a fesa ruwa sama-sama, sannan a ɗiga farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa. A bar shi ya kwana. Idan ya bushe zai kama kamar siminti, amma ido zai gan shi a warwatse.

Gini ma haka. Bulo mai santimita 40 tsawonsa bai kai milimita 5 ba a kan tebur, saboda haka ba a jera shi, da bakin allura ake zana layinsa a jikin kwali. Tudun kwanon rufi ɗaya bai cika milimita 1 ba. Wanda ya yi rufi da cikin kwalin taliya mai lanƙwasa zai samu kwanon da kowane tudunsa ya kai kamu guda ko fiye. Takardar alminiyon mai laushi, a danna ta a kan matsefi mai ƙananan haƙora, ta fi kusa da gaskiya. Katangar laka ta fi komai sauƙi, kuma ta fi komai kyau: garin jar ƙasa da gam a shafa a kwali da yatsa, a bar gefunan da ɗan karkata, a zana inda ruwan indararo ya ci.

Bishiya ce aka fi yi wa rowa. Mutane na yin ta santimita 5 ko 6, tsayinta ɗaya da ɗaki. Gawo mai mita 20 a wannan ma'auni santimita 23 ne, ya ninka tsayin jirgin sau huɗu ko fiye. Da farko zai yi maka kamar ya yi yawa, amma ka fita bayan gari ta hanyar Ɗan Isa ka dubi gawo kusa da rumbu, za ka yarda da rula. Ana murɗa siraran wayoyin wuta su zama gindi da rassa, a shafe da gam da garin katako, ganye kuma a yi shi da soso da aka gurza aka rina. A tuna da halin gawo: da rani yake kore, da damina ya kaɗe. Idan gonarka ta gero ta yi shar, gawon da ke tsakiyarta tsirara zai tsaya. Wannan ba lissafi ba ne, sanin ƙasa ne, kuma duk manomin da ya leƙa teburinka zai lura.

Wuri ɗaya ne ma'aunin ke sassautawa, shi ne nisa. Layin Kano zuwa Maraɗi kusan kilomita 284 ne, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A 1:87 zai ci fiye da kilomita 3. Falankin katako na kanti, mai santimita 122 da 244, fili ne na mita 106 da 212 kacal. Ko Miniatur Wunderland, wurin nunin irin waɗannan ƙananan jirage a birnin Hambug na Jamus, wanda aka buɗe a 2001 kuma ya fi kowane irinsa girma a duniya, bai gina ƙasashen da yake nunawa da cikakken nisansu ba. Ana zaɓe ne. Jirgi mai tarago 30 a bar shi da 6, unguwa mai gida 100 a nuna gida 5 da masallaci da mai shayi. Adadi ake ragewa. Girman ƙofa da na mutum ba a taɓa su.

Gudu ma yana da ma'auni, kuma nan ne sababbin shiga ke tona asirin kansu. Jirgin da ke tafiyar kilomita 60 a awa, a kan tebur santimita 19 zai ci a daƙiƙa. Wanda ya murɗe wuta har jirginsa na cin mita 1 a daƙiƙa, ya sa jirgin kaya gudun fiye da kilomita 300 a awa a tsakiyar kasuwa.

Sai hoto. Mutum na tsaye ya ɗauki teburinsa daga sama, ya yi mamakin yadda aikin wata da watanni ya fito kamar kayan wasa. Dalili a fili yake: idan kyamara na santimita 60 sama da layi, a ma'aunin wurin tana sama da mita 50, ba kuma daga can muka saba kallon jirgi ba. Idon mutumin HO bai kai santimita 2 daga ƙasa ba, can ya kamata kyamara ta sauka. Da wayar hannu abin da sauƙi. Juya ta kai ƙasa, idon kyamarar ya kusa taɓa yashi, ka jingina ta da wani abu don kada ta motsa.

Matsala ta biyu ita ce dishi-dishi. Idan kyamara ta matso kusa, ɗan wuri kaɗan ne ke fitowa tar, gaba da baya su dushe, kuma da wannan dushewar ido ke gane abu ƙarami ne. Maganinta a ja baya kaɗan, a ƙara haske. Masu babbar kyamara suna tsuke ƙofar haskenta su ɗora ta a kan ƙafa. Wasu kuma suna ɗaukar hoto da yawa daga wuri ɗaya, kowane an saita shi a kan wani nisa, sannan manhaja ta haɗe su ya zama hoto guda mai kaifi daga kan jirgi har wutsiya. Mu a nan muna da abin da masu wannan sha'awa a Turai ke kashe kuɗi su kwaikwaya da fitilu, wato rana. A yi shimfiɗar yadda mutum biyu za su iya ɗauka, a fitar da ita da hantsi ko bayan la'asar, a sa ta a kan wani abu mai tudu yadda sararin sama da bishiyoyin nesa na gaske za su zama bayanta. Inuwa za ta faɗi inda ya dace ba tare da an yi mata dabara ba.

Don hoton ne ma ake halatta karya dokar da gangan. A can ƙarshen tebur ana iya sa gida ko rumbu na ma'aunin N, kusan rabin girman na gaba, a kuma kashe launinsa da ɗan fari ko toka, kamar yadda hazo ke yi wa abin da ke nesa. Daga idon kyamara zai zama kamar ƙauye ne mai nisan kilomita. Sharaɗin shi ne kada jirgi ko mutumin HO ya je kusa da shi.

Jirgin kansa yana fitowa daga kwali yana ƙyalli, alhali ba tarago a ƙasar nan da zai yi mako guda bai sha ƙura ba. Garin alli mai ruwan ƙasa a gefen ƙafafu da ƙasan jiki, garin gawayi a saman injin inda hayaƙi ke fita, ɗan jan ƙasa a mahaɗar ƙarfe inda tsatsa ke kamawa, duk da busasshen buroshi, kaɗan-kaɗan. Saman ƙarfen layi da tayoyin injin ne kawai ba a bari ƙura ta zauna, domin ta nan wuta ke bi ta shiga jirgin. Da hunturu sai an goge su da ƙyalle kafin kowane tashi, in an gama kuma a lulluɓe teburin da zane.