KarTrak: tsarin gane taragon jirgin ƙasa

KarTrak wani tsari ne na karanta lambar taragon jirgin ƙasa da na'ura wanda aka yi amfani da shi a Amurka da Kanada daga 1967 zuwa 1977, kuma yana cikin kakannin bakod ɗin nan da muke gani a jikin kayan kanti yau.

Matsalar da ta haifar da shi ita ce, a can tarago ba ya zama a layin kamfaninsu kaɗai, yau yana hannun wannan kamfani gobe ya koma na wancan, to sai ma'aikata su riƙa bin dogo da biro da takarda suna rubuta lamba ɗaya bayan ɗaya, tarago ya ɓace makonni ba wanda ya san inda ya shiga. Wani injiniya David Collins da ke aiki a kamfanin Sylvania shi ya jagoranci neman mafita, aka fara gwaji a layin Boston and Maine a 1961.

Allo ne ake mannawa a gefen tarago mai layuka 13 a kwance, ja da shuɗi da fari da baƙi, an yi su da leda mai mayar da haske ta kamfanin 3M. Na'ura na tsaye a bakin dogo, ta haska, ta karanto lambar mai tarago da ta taragon kansa jirgi na cikin gudu. A 1967 ƙungiyar kamfanonin jiragen ƙasa ta Amurka wato AAR ta wajabta shi, zuwa 1975 kusan kashi 90 cikin ɗari na taragun sun samu allon.

Amma fa datti ya kashe shi. Ƙura da baƙin mai da rana sai suka dusashe kalolin, ga kamfanonin suna cikin karayar arziki, babban kamfanin jirgin ƙasa na Penn Central ma ya durƙushe a 1970, wa zai kashe kuɗi yana wanke allon taragon da ba ma nasa ba? Gaskiya abin tausayi ne, don dabarar kam ba ta da laifi, kulawa ce babu. A 1977 aka yi watsi da shi.

Collins kuwa tuni ya bar Sylvania ya kafa Computer Identics, ya koma amfani da hasken leza da layuka baƙi da fari, a 1969 suka girka na'urarsu a wata masana'antar General Motors a jihar Michigan tana lissafa kayan mota a kan layin haɗawa.

Kamfanonin jiragen ƙasan sai a farkon shekarun 1990 suka rungumi tsarin AEI mai aiki da igiyar rediyo, wanda kamfanin Amtech ya samar. Ƙananan tambura biyu ake ɗaurawa, ɗaya a kowane gefen tarago, yawancinsu ba su da batir, siginar na'urar bakin dogo ce ke tashe su su ba da lamba, laka ko ƙura ba ta hana su aiki. Zuwa ƙarshen 1994 aka wajabta su a kan duk taragon da ke shiga layin wani kamfani.