Salon Koyo a Karatun Manya

Salon koyo shi ne hanyar da mutum ya fi jin daɗin ɗaukar ilimi da ita. Wani ya fi son a zana masa, wani a yi masa bayani da baki, wani ya karanta da kansa, wani kuma sai ya sa hannu ya gwada. Masana harkar koyarwa sun yi ta rubutu a kai tun shekarun 1970. Batun ya samu karɓuwa sosai wurin waɗanda suka koma makaranta da girmansu, kamar ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure da suka daɗe rabonsu da aji, domin da yawansu kan zo da fargabar cewa kansu ya daina ɗaukar karatu.

Asali da rabe-rabe

A 1984 Ba'amurke David Kolb ya bayyana koyo a matsayin zagaye mai matakai huɗu: mutum ya ci karo da abu, ya yi nazarin abin da ya faru, ya fitar da ƙa'ida, sannan ya jarraba ƙa'idar a aikace. A ganinsa kowa akwai matakin da ya fi ƙarfi a kai. Peter Honey da Alan Mumford na Birtaniya sun ɗauki tsarin suka daidaita shi domin horar da manajoji.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne tsarin VARK na Neil Fleming, tsohon sufeton makarantu a New Zealand, wanda ya fito da shi a 1987. Ya kasa masu koyo gida huɗu: masu gani, masu sauraro, masu karatu da rubutu, da masu aikin hannu (VARK haruffan farko ne na sunayen huɗun a Turanci). Ana amsa 'yan tambayoyi ne, a ƙarshe a gaya wa mutum inda ya faɗa, kuma da yawa sukan faɗa gida fiye da ɗaya. Ba waɗannan kaɗai ba ne. A 2004 Frank Coffield da abokan aikinsa sun ƙirga tsare-tsare 71 irin wannan, suka tsananta bincike a kan 13, suka tarar akasarin ma'aunan da ake tantance salon mutum da su ba su cika sharuɗɗan inganci ba.

Abin da gwaji ya nuna

Akwai magana biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce mutane sun bambanta a hanyar da suka fi so, kuma wannan babu jayayya. Ta biyu ita ce idan aka koyar da mutum ta hanyar da ya fi so zai fi ganewa. A nan gizo ke saƙa.

Gwada magana ta biyu ba wuya. Sai a tara ɗalibai, a ware "masu sauraro" da "masu karatu". Rabin kowane rukuni a sa musu darasi su saurara, rabi a ba su shi a rubuce, sannan kowa ya rubuta jarrabawa iri ɗaya. Idan maganar gaskiya ce, masu sauraro da suka saurara za su fi 'yan'uwansu da suka karanta, masu karatu kuma akasin haka. A 2008 Harold Pashler, Mark McDaniel, Doug Rohrer da Robert Bjork sun bi diddigin binciken da aka yi, suka ga ƙalilan ne aka tsara haka, kuma waɗanda aka tsara da kyau galibinsu ba su gaskata da'awar ba. A 2015 Beth Rogowsky da abokan aikinta sun yi irin wannan gwajin a kan manya, da littafin sauraro da na karantawa, su ma ba su ga wata riba a daidaita salon ba.

Duk da haka ra'ayin ya ƙi mutuwa. Wani bincike na 2012 ya nuna kashi 93 cikin ɗari na malaman da aka tambaya a Birtaniya, da kashi 96 a Holan, sun yarda da shi. Dalilin a fili yake: magana ce mai daɗin ji, tana kuma ɗauke laifin faɗuwa daga kan ɗalibi.

Abin da ya fi tasiri shi ne darasin kansa. Iyakokin jihohin Nijeriya da taswira ake gane su, ko da mutum ya ce shi mai sauraro ne. Lafazin Faransanci sai kunne ya ji. Ɗalibar aikin jinya kuwa ba za ta iya auna hawan jini ba sai ta ɗaura abin awon a damtsen mutum, ta hura, ta saurari bugun da kanta. Illar laƙabi irin "mai sauraro" ita ce ya zama katanga. Wanda ya sa a ransa cewa sai an yi masa lacca yake ganewa yakan ajiye littafi, alhali a rubuce jarrabawa za ta zo masa.

Halin babban ɗalibi

Malcolm Knowles, wanda ya yi fice a fagen ilimin manya a Amurka a shekarun 1970, ya ce babba ya sha bamban da yaro: yana son sanin amfanin abin da ake koya masa, yana son ya ja ragamar karatunsa, yana kuma tafe da gogewar rayuwa. Gogewar nan jari ce. Wanda ya shekara goma yana riƙe da littafin shago, in ya shiga kwas ɗin akanta, yana da inda zai rataya kowace sabuwar ƙa'ida. Babban cikas ɗinsa lokaci ne. Ɗaliban Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, da yawansu bayan tashi daga aiki suke karatu, kuma akasarin darussan a rubuce suke zuwa.

Dabarun da aka tabbatar

Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, kuma bita a rarrabe tana rage ta. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka rufe takarda suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda suka gwada kansu suka yi musu fintinkau. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu 10. Gwada kai da rarraba bita su suka zo sama, yayin da ja wa rubutu layi da maimaita karatu, waɗanda ɗalibai suka fi yi, suka zo ƙasa.

Wanda ya yi makarantar allo ba baƙo ba ne a nan. Almajiri yakan rubuta, ya karanta da murya, ya biya wa malam da ka kafin ya wanke allo, sannan ya riƙa tilawar na baya don kada ya zube. Ido da kunne da hannu duk suna aiki tare, ba a tambayi salon kowa ba. Bambancin shi ne karatun jami'a ba hadda kaɗai yake nema ba, don haka babban ɗalibi kan ƙara da bayyana darasin da kalmominsa, ko ya warware tambayoyin jarrabawar shekarun baya ba tare da leƙa amsa ba.

Har yanzu kwalejoji da dama na raba wa sababbin ɗalibai takardar tambayoyin salon koyo. Shi kansa Fleming ya ce manufarta ita ce ta sa ɗalibi ya yi tunani a kan yadda yake karatu, ya tattauna da malaminsa. Takardar tana auna abin da mutum yake so ne, ba ta auna basira ko ƙwazo.