Jirgin mai da ya nutse a Tekun Manila lokacin guguwar Gaemi: tambayoyi da amsoshi

Me ya faru?

A daren 25 ga Yuli 2024 jirgin dakon mai mai suna Terra Nova ya kife ya nutse kusa da garin Limay, a lardin Bataan na ƙasar Filifin, ɗauke da lita miliyan 1.4 na baƙin man masana'antu da zai kai birnin Iloilo. Cikin ma'aikatansa 17 an ceto 16, ɗaya ya rasu. Guguwar Gaemi, wadda 'yan ƙasar ke kira Carina, ba ta sauka a Filifin ba, Taiwan ta nufa, amma ta ƙara wa iskar damina ƙarfi, teku ya yi ta tumbatsa, Manila kanta ta cika da ambaliya.

Tunda ya riga ya nutse, ina sauran haɗarin?

A lokacin, haɗarin yana cikin tankunansa. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, don haka kullum yana neman kafar da zai bi ya taso: bawul da ya saki, bututun shan iska, ko tsaga a jikin ƙarfe. Kowace igiyar ruwa mai ƙarfi tana girgiza jirgin, gishiri kuma yana cin ƙarfen. Shi ya sa aikin farko da masu nutso suka yi shi ne toshe bawul-bawul da ke yoyo kafin a taɓa man.

Yaya ake fitar da mai daga ƙarƙashin teku?

Ana manna faranti mai bawul a jikin tanki, a huda ƙarfen ta cikin bawul ɗin don kada mai ya tsere, sannan a haɗa tiyo zuwa jirgin da ke sama. Huda biyu ake yi: ta sama tana jan mai, ta ƙasa tana shigar da ruwa ya cike gurbin, in ba haka ba matsin teku zai iya lotsa tankin. Baƙin mai yana da kauri, a sanyi ba ya gudu, sai an ɗumama shi da ruwan zafi ko tururi.

Zurfi ne ke yanke hukunci a nan. Terra Nova ya kwanta a zurfin mita 34, inda mutum ke iya sauka ya yi aiki, kuma zuwa Satumba 2024 an zuƙe kusan duk man. Wani jirgin dakon mai, Princess Empress, da ya nutse a gaɓar lardin Oriental Mindoro na Filifin a ƙarshen Fabrairu 2023 da kimanin lita 800,000, ya sauka kusan mita 400. Sai da aka yi makonni uku kafin na'urar nutso ta gano shi, a lokacin mafi yawan man ya fita.

Shingen da ake yaɗawa a kan ruwa ba ya tare shi?

Yana tarewa idan ruwa a kwance yake. Da igiya ta kai mita ɗaya, ko ruwa na gudu sosai, man yakan tsallake ta sama ko ya sulale ta ƙasa. Abin takaicin shi ne lokacin da aka fi bukatar shingen, wato bayan guguwa, a lokacin ne ya fi kasawa. Mazauna gaɓa sukan haɗa nasu da ɓawon kwakwa da bambaro, kuma yana taimakawa a bakin rafuka.

Me yake yi wa murjani?

Murjani ƙananan dabbobi ne masu rai da ke gina duwatsun da kifi ke haihuwa da fakewa a ciki. Guguwa kaɗai tana karya masu rassa, ta kuma kwararo laka daga koguna ta rufe su. Mai kuma yana shafar su idan ruwa ya janye, ko idan ya cakuɗe da yashi ya nutse. Sinadarin da ake fesawa don tarwatsa mai yana shigar da shi cikin ruwa, saboda haka fesa shi a kan murjani mai kusa da sama kuskure ne. Masu rassa na iya ƙara tsawon santimita 10 a shekara, manyan dunƙulallu kuwa kusan santimita ɗaya kawai. Wannan ne ya sa hankali ya tashi a 2023, domin man Princess Empress ya doshi mashigin tekun Verde Island, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi yawan nau'in kifin gaɓa a duniya.

Masunta fa?

Su ne ke fara ɗanɗana kuɗarsu. Bayan nutsewar Terra Nova hukuma ta hana kamun kifi a ruwan Limay, man ya kai gaɓar lardin Cavite inda ake kiwon halittun ruwa masu ɓawo, waɗanda ke tace ruwa su tara guba a jikinsu fiye da kifi mai iya gudu. Ko kifin da aka kamo daga ruwa mai tsabta farashinsa faɗuwa yake yi, saboda masu saye sun tsorata. Akwai asusun biyan diyya na ƙasa da ƙasa kan malalar mai daga jiragen dako, amma yana neman shaidar abin da mutum ke samu kafin hatsarin. Masuncin da ke da rajista, yake kuma rubuta kamunsa na kullum da hoton komarsa da ta lalace, ya fi saurin samun haƙƙinsa.