Fumfuna bayan dashen zuciya ba makero ba ce

An daɗe ana ɗaukar cutar fumfuna, wato fungas, a matsayin ciwon fata kawai, irin su makero da ƙyasfi, a shafa mai a warke. Ga mai lafiya, galibi haka ne. Wanda aka yi wa dashen zuciya kuwa, lamarinsa daban.

Don kada jiki ya ƙi sabuwar zuciyar, ana ba shi magungunan danne garkuwar jiki, kamar tacrolimus, mycophenolate da prednisone. A nan fumfuna ke samun ƙofa. Candida, wani nau'in fumfuna, takan shiga jini a watan farko bayan dashen, ta robar da aka sa a jijiya ko ta wurin tiyata. Wani nau'in kuma, Aspergillus, shaƙarta ake yi daga ƙurar gini ko ruɓaɓɓen ganye. Kowa na shaƙarta kullum, amma a huhun wannan majinyaci sai ta kafu, ta ci jijiyoyin jini, har takan kai ƙwaƙwalwa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda aka sake buɗe wa ƙirji ko ake wa wankin ƙoda.

Jiran zazzaɓi ganganci ne, domin prednisone na ɓoye shi. Tari, haki ko jini a majina sun isa a ɗauki hoton CT, a yi gwajin galactomannan, mai neman alamar Aspergillus a jiki.

Maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Ga Aspergillus, maganin fumfuna mai suna voriconazole ake bayarwa, aƙalla mako 6 zuwa 12. Sai dai yana hana hanta sarrafa tacrolimus, sai tacrolimus ɗin ya taru ya lalata ƙoda. Shi ya sa likita ke rage tacrolimus zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, yana auna shi a jini akai-akai, ya kuma ƙara shi idan an daina voriconazole.