Indiya Ba Ta Haramta GPS Ɗin Wayarka Ba

Tun ƙarshen 2024, da aka tsare wasu baƙi a filayen jiragen sama na Goa da Delhi saboda Garmin inReach, wata ƙaramar na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, ake ta yaɗa wa masu shirin zuwa Indiya neman magani ko karatu cewa za a ƙwace duk wayar da ke nuna taswira. Wannan magana ba ta da tushe.

GPS ɗin da ke cikin wayar hannu sauraro kawai yake yi. Yana karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam aƙalla huɗu da ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, ya auna lokacin da kowace sigina ta ɗauka kafin ta iso, sannan ya lissafa inda mutum yake, ba tare da ya aika wa tauraron komai ba. Indiya kanta tana da irin wannan tsari mai suna NavIC.

Abin da doka ta hana shi ne na'urar da ke aika saƙo ta tauraro kai-tsaye, wato wayoyin Thuraya da Iridium, da kuma inReach ɗin da ke aiki da hanyar Iridium, domin saƙonsu ba ya bi ta turakun sadarwar ƙasar, balle jami'an tsaro su iya bibiyarsa. An tsananta hanin ne bayan harin Mumbai na Nuwamban 2008, inda maharan suka yi amfani da Thuraya. Hanin ya shafi ɗan ƙasa da baƙo baki ɗaya.

Hukuncin ne ya kamata a yi wa karatun ta-natsu. Dokar na'urorin rediyo ta 1933 ta ɗora laifin a kan mallaka, don haka ko na'urar tana kashe a ƙasan jaka, samun ta ba tare da lasisi ba ya isa a gurfanar da mutum, kuma hukuncin na iya zama ɗaurin da ya kai shekara uku, ko tarar kuɗi, ko duka biyun. A ganina dalilin tsaron yana da ƙarfi, amma akwai tsauri a tsare mai hawan tsauni da ya sayi na'urar don neman agaji idan ya ɓata, alhali a ƙasarsu halas ce, kuma ba kowa ake sanar wa kafin ya hau jirgi ba.

Wanda aikinsa ya tilasta masa wayar tauraro sai ya nemi izinin Sashen Sadarwa na Indiya kafin tafiya, kuma hanyar da aka amince da ita ita ce ta Inmarsat ta hannun kamfanin gwamnati BSNL. Mai Thuraya kuwa ya bar ta a gida.