Ƙaramin Obin na Lantarki a Ɗakin Kwanan Ɗalibai

Ƙaramin obin na lantarki akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilashi, wanda ake ɗorawa a kan tebur a jona shi da soket don yin gashi. Cikinsa yakan ɗauki lita 9 zuwa 30, zafinsa kuma yakan kai digiri 230 a ma'aunin Selshiyos. Zafin yana fitowa ne daga sanduna da ke samansa da ƙasansa, masu ɗauke da wayar nikirom, wato gamin nikel da kuromiyam da Ba'amurke Albert Marsh ya yi wa rajista a 1906. Bambancinsa da maikurowef shi ne yana gasa abinci daga waje har ya yi ja, kuma yana karɓar farantin ƙarfe. Roba ce ba ta shiga cikinsa.

Ɗalibi yakan gasa cinyar kaza, kifi ko dankali a ciki, ya ɗumama gurasa, ko ya yi kek. Tuwo, shinkafa da miya kuwa aikin tukunya ne, don haka obin bai maye gurbin risho ko gas ba.

Babban abin lura a ɗakin kwana shi ne wutar da yake ja. Yawancinsu suna cin wat 1,200 zuwa 1,800. A Najeriya, inda ƙarfin wuta yake bolt 230, obin mai wat 1,500 yana jan kusan amfiya 6.5 (amfiya shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), rabin abin da fiyus ɗin filogi mai amfiya 13 yake ɗauka. Shi kaɗai bai fi ƙarfin soket ba, amma da an haɗa shi da dutsen guga da hita a kan wayar ƙari ɗaya, waya tana iya ɗaukar zafi ta narke. A Amurka, inda wutar take bolt 120, wannan obin ɗin yana jan amfiya 12.5 a layin da aka saba yi wa amfiya 15. Wannan, tare da gudun gobara, shi ya sa jami'o'i da dama a can suka hana shi a ɗakunan kwana, suka bar ƙaramin maikurowef. Makarantu da yawa a Najeriya ma sun hana girki da lantarki a ɗaki, kuma hanin yana da hujja, domin ɗaki mai cike da katifu da labule ba a gina shi don girki ba.

Raunin wuta ma yana ɓata gashi fiye da yadda ake zato. Idan ta sauka daga bolt 230 zuwa 180, zafin da sandunan suke fitarwa yana raguwa da kusan kashi 40 cikin 100, sai lokacin da aka saba gashi ya cika alhali cikin kaza bai kai digiri 74 da ke kashe ƙwayoyin cuta ba.

Inda aka halatta shi, ana jona shi kai tsaye da soket na bango, a nisanta shi da bango da labule, a riƙa zare farantin ƙasa ana wanke maiƙon da ya taru, domin shi ne yakan fara kama wuta.