Waiwaye: An yafe bashi, amma giɓin kasafi bai rufe ba

Duk lokacin da aka gabatar da kasafin kuɗi a wata ƙasa mai tasowa, muhawarar iri ɗaya ce: giɓi ya yi yawa, kuɗin ruwa na lashe abin da haraji ya tara, kowa kuma na duban shekaru uku ko huɗu da suka wuce don gano inda aka kauce hanya. Alhali maganar ta girmi haka.

Farkonta sananne ne. Farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, dalolin ƙasashe masu sayar da mai suka cika bankunan Turai da Amurka, aka yi ta ba ƙasashe masu tasowa rance. A watan Agustan 1982 Meksiko ta ce ba ta iya biya, wasu suka bi sahu. Sai shekarun tsuke bakin aljihu, sai shirin sassauta wa ƙasashe matalauta bashi na 1996, sai yafiyar basussukan da cibiyoyi irin su Bankin Duniya suke bin su a 2005, inda ƙasashe sama da 30 suka sauke nauyi.

Shekarar da aka fi mantawa da ita ita ce 2007. A shekarar ce Ghana ta sayar da takardun lamuni (wato takardun cin bashi daga masu zuba jari) na dala miliyan 750 a kasuwar duniya, kan ruwa kashi 8.5 cikin ɗari. Sri Lanka da Gabon ma suka shiga. Da kuɗin ruwa ya faɗi a ƙasashe masu arziki bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, masu zuba jari suka bazama neman riba. Zambiya ta karɓi dala miliyan 750 a 2012, tayin da aka yi mata kuwa ya ninka haka fiye da sau goma. An ɗauki abin a matsayin alamar samun mutunci, kuma ba laifi a yi murna.

Sai dai irin bashin ne ya sauya. Rancen rangwame na da yakan kai shekara 30 zuwa 40, ruwansa kaɗan ne, ana biya da kaɗan-kaɗan. Takardar kasuwa yawanci shekara goma ce, uwar kuɗin kuma rana ɗaya ake biya, da dala. Gwamnati kuwa da kuɗin gida take karɓar haraji. Idan darajarsa ta faɗi da rabi, bashin ya ninka ke nan ba tare da an ƙara cin ko sisi ba. Abin da ya fi damuna shi ne, muddin rancen na samuwa cikin sauƙi, babu abin da ke tilasta rufe tazarar da ke tsakanin kuɗin shiga da abin da ake kashewa. Ana cin sabon bashi a biya tsoho, giɓin yana nan.

Annobar korona da tashin kuɗin ruwa a 2022 asiri kawai suka tona. Zambiya ta gaza biya a Nuwamban 2020, Sri Lanka da Ghana a 2022, Habasha a Disamban 2023. Kenya ta tsallake, amma ga farashin: takardar da ta sayar a 2014 kan ruwa ƙasa da kashi 7, sai da ta ci sabon bashi a Fabrairun 2024 kan kusan kashi 10 kafin ta fanshi mafi yawanta.